Filin Lafiyar Uwa da Jariri: Hutun Haihuwa Ya Ƙare, Yaya Za a Yi da Shayarwa?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan matsala ɗaya suke: hutu ya ƙare, jariri bai kai wata shida ba, ga uwa za ta riƙa fita tun da safe. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun taƙaita wasu, mun kuma sakaya sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, saura mako uku in koma aiki, a lokacin ɗana zai cika wata uku. Ina fita ƙarfe 7 da rabi, ba na dawowa sai 2 da rabi. Nono zalla nake ba shi, kuma ba na son in fara madarar gwangwani. Yaushe zan fara tatsa, kuma nawa zan riƙa bar masa? Daga wata malama a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara gobe. Mako uku ya isa hannunki ya saba da tatsa, shi ma yaron ya saba da karɓar nono daga hannun wani.

Ga lissafin. Jaririn da ke tsakanin wata 1 da wata 6 yana shan kimanin mililita 750 zuwa 800 a dare da yini, wato kamar leda ɗaya da rabi ta ruwan fiya wata. Wani ya ɗan haura, wani bai kai ba. Idan aka raba wannan a kan awa 24, kowace awa ta tashi da kusan mililita 30. Ke awa 7 za ki yi a waje, don haka mililita 210 zuwa 240 za su wadatar. Kada ki zuba su a mazubi ɗaya. Ki raba uku, kowanne 70 zuwa 80, domin abin da bakin yaro ya taɓa ba ya komawa ajiya. Idan kin shayar da shi ya ƙoshi dab da fitarki, kika kuma ba shi da zarar kin shigo, sau da yawa biyu kawai zai sha. Wannan adadin ba ya ƙaruwa sosai har ya kai wata shida, saboda saurin girman jariri yana raguwa a hankali. Kada ki auna kanki da adadin da ake rubutawa a jikin gwangwanin madara.

A wannan makonnin, ki riƙa tatsa sau ɗaya a rana, da safe, bayan ya sha na farko. Lokacin nono ya fi cika. Kwanakin farko ba lallai ki samu fiye da cokalin cin abinci ɗaya ko biyu ba, mililita 15 zuwa 30, domin ragowar yaro kike tatsa. Wannan ba alamar ƙarancin nono ba ce. Ki tara kaɗan-kaɗan har ki haɗa na ranar farko da ɗan ƙari. Ba sai kin cika firiza ba: abin da kika tatsa a makaranta ranar Litinin shi zai sha ranar Talata, haka har ƙarshen mako.

Abin da ya fi duk wannan lissafin muhimmanci shi ne ki tatsa a wurin aiki. Nono kamar rijiya yake, ɗiba ke sa shi ɓuɓɓugowa. Idan ya cika ya zauna ba a cire ba, jiki yana ɗauka cewa an daina buƙata, sai ya rage samarwa, kuma cikin 'yan kwanaki za ki ga bambanci. Duk lokacin da yaron ya sha a gida ba kya nan, ya kamata ke ma ki cire a inda kike. A awa 7, ki tatsa sau biyu idan da hali, misali lokacin tara da kuma wajen ƙarfe 1. Idan sau ɗaya kawai zai yiwu, ki sa shi a tsakiya, ki kuma tatse sosai. Da dare da ranakun hutu ki ajiye kofi da fida, ki ba shi daga jikinki duk sanda ya nema.

TAMBAYA: Ina aiki a shagon ɗinki, albashina ba yawa. Na tambayi kuɗin injin tatsa na ji ya fi ƙarfina. Dole ne sai da shi? Daga wata mai jego a Zariya.

AMSA: Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Hannunki ya isa, ba ya buƙatar wuta ko batir, kuma ba shi da sassan da za a yi ta wankewa. Ko mai inji ya kamata ta iya tatsa da hannu.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki tanadi kofi ko kwalba mai faɗin baki mai murfi, wadda aka wanke aka kuma zuba wa tafasasshen ruwa aka tsiyaye. Ki zauna ki natsu. Kafin ki fara, ki ɗora tsumma mai ɗumi na minti biyu, ki shafa nonon a hankali daga sama zuwa kan nono. Ki tuna yaronki, ko ki kalli hotonsa a waya, ko ki shinshina rigarsa. Wannan ba camfi ba ne: akwai sinadarin da ake kira oksitosin wanda ke matso nono zuwa waje, natsuwa da tunanin jariri suna sakinsa, tsoro da kunya da gaggawa suna riƙe shi.

Sai ki ɗora babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, suna kallon juna, kamar santimita 2 zuwa 3 bayan kan nono, wajen iyakar baƙin da ya kewaye shi. Ki fara danna yatsun baya wajen ƙirji, sannan ki matse su wuri ɗaya, ki saki. Danna, matse, saki. Kada yatsun su riƙa zamewa a kan fata, kada ki ja kan nonon ko ki murɗe shi, domin ba a can nonon yake ba, ciwo kawai za ki ji wa kanki. Minti ɗaya ko biyu na farko ba lallai a ga komai ba, daga nan ɗigo, daga nan feshi. Idan ya lafa, ki zagaya da yatsun zuwa wani gefe. Bayan minti 3 zuwa 5 ki koma ɗaya nonon, ki sake dawowa. Duka zai ɗauki minti 20 zuwa 30 a farko, idan hannu ya faɗa ya ragu. Tatsa daidai ba ta da zafi. Idan kina jin zafi, yatsun sun matso kusa da kan nono ko kina matsewa da ƙarfi.

Idan daga baya kin samu hali, akwai ƙaramin famfon tatsa na hannu, ya fi na lantarki araha sosai. Kada dai ki sayi wanda ke da roba kamar ƙahon keke a bayansa: nono yana shiga cikin robar, ba ta wankuwa.

TAMBAYA: A unguwarmu wuta ba ta zama, wani lokaci a kwana biyu babu. Ga zafin garinmu kun san shi. Awa nawa tatsattsen nono yake yi kafin ya lalace, kuma yaya zan ajiye shi? Daga wata ma'aikaciyar asibiti a Sakkwato.

AMSA: Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar yawancin masu karatunmu, don haka za mu ɗan tsaya a kanta.

Ƙa'idar da hukumomin lafiya suka fi amfani da ita ita ce: sabon nono yana yin awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firjin da ke kan digiri 4, wata 6 a firizar da ke daskarar da abu sosai. A kula mai ƙanƙara yana kai awa 24, muddin ƙanƙarar ba ta narke duka ba. Ki lura da sharaɗin farko. Ɗaki a Sakkwato a watan Afrilu ba digiri 25 yake ba, ana haura 40 a waje. A irin wannan yanayi shawararmu kada ki dogara da awa 4. Nonon da aka bari a fili a ba yaro cikin awa ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba a sanyaya shi. Lokacin hunturu kuma lissafin awa 4 yana aiki.

Inda wuta ba ta tsayawa, kula ta fi firji amana. Ki samu biyu, ƙarama ta tafiya aiki da ta gida. Ki sayi ƙanƙara babba, ba ƙanana ba, ta fi jimawa. Ki rufe kwalbar nono gam, ki sa ta a leda mai tsabta ki ƙulle don kada ruwan ƙanƙara ya shiga, ki jingina ta da ƙanƙarar, a daina buɗe kular sai da dalili. Tsarin zai zama haka: abin da kika tatsa a wurin aiki ya shiga kula nan take, idan kin dawo gida ki sabunta ƙanƙara, washegari da safe mai reno ta fara bayar da shi kafin ya cika awa 24. Ki ƙara da wanda za ki tatsa da asuba, ya zama na biyu.

Ana yawan tambayar randa. Saka rufaffiyar kwalba a kwanon ruwan sanyi a gefen randa, ko cikin tukunya biyu mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, yana rage zafi ƙwarai, musamman da rani lokacin da iska ta bushe. Amma sanyinta bai kai na firji ba ko kusa. Ki ɗauke ta a matsayin ɗaki mai sanyi, wato awa 4. Da damina ma ƙarfinta yana raguwa.

Idan kina da firji, ki sa nono can ciki, ba a jikin ƙofa ba, domin ƙofa ce ke fara ɗumi. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa 4 idan ba a buɗe ba. Firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, don haka ki cike gurbin da robobin ruwa. Idan wuta ta dawo kika tarar da sauran ƙanƙara a cikin nonon, ana iya barinsa ya sake daskarewa. Idan ya narke sarai amma da sanyinsa, a yi amfani da shi cikin awa 24, ba a sake daskarar da shi. Idan ya yi ɗumi kuma ba ki san tun yaushe ba, ki zubar.

Ki riƙa rubuta rana da lokaci a kan kowace kwalba, a fara da mafi daɗewa. Ki bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a sama idan za ki daskarar, saboda yana kumbura. Kada ki zuba sabo mai ɗumi a kan mai sanyi, ki bari shi ma ya yi sanyi tukuna. Wajen ɗumamawa a tsoma kwalbar a kwanon ruwan ɗumi na 'yan mintuna, a ɗiga a bayan hannu a ji. Ba a ɗora nono a wuta, ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, domin zafi yana kashe sinadaran kariyar da ke cikinsa, kuma yana iya ƙona bakin yaro. Ragowar da ya sha ya bari, a ƙarasa cikin awa 2 ko a zubar.

Idan ranar ta zo babu ƙanƙara babu wuta, ki tatsa duk da haka ko da ba zai ajiyu ba, don kada nonon ya ja baya. Wadda gidanta ke kusa da wurin aiki kuma, a kawo mata yaron lokacin hutu ya fi komai sauƙi.

TAMBAYA: Wata ɗaya ke nan da komawata aiki. Da farko ina samun mililita 120 da injin lantarki, yanzu da ƙyar nake haɗa 50. Na sha hulba, na sha kunun kanwa, babu canji. Nonona ya ƙafe ne? Daga wata ma'aikaciyar banki a Kaduna.

AMSA: Da wuya ya zama ƙafewa, Hajiya. Kafin ki zargi jikinki, ki binciki injin.

Ki kwance shi. Akwai mazurarin da ke zama a kan nono, akwai ƙaramin bawul na roba mai kama da bakin agwagwa, ko wata 'yar farar roba sirirya da ke manne a kansa, akwai tiyo, akwai kwalba. Wannan ƙaramar robar ita ce ke riƙe ƙarfin zuƙa. Idan ta saki, ko ta tsage ko da kamar gashi ne, ko bakinta ya daina haɗuwa, injin zai yi ta ƙara amma ba ya ja. Mai tatsa kullum tana buƙatar canza ta duk bayan wata ɗaya zuwa uku. Ki duba tiyo ko ya huje ko bai shiga da kyau ba. Idan kin ga raɓa a ciki, ki kunna injin da tiyon kaɗai na 'yan mintuna ya bushe, idan kuwa kin ga baƙin fumfuna, ki jefar ki sayi sabo. Batir mai rauni ma yana rage ƙarfi.

Sai girman mazurari. Yawancin injuna suna zuwa da mai faɗin milimita 24, kuma ya yi wa mata da yawa girma. Ki auna faɗin kan nononki kaɗai da rula, ban da baƙin da ke kewaye, ki nemi mazurarin da ya ɗara shi da milimita 1 zuwa 3. Idan ya yi girma, yana zuƙe baƙin fatar zuwa ciki, wurin ya kumbura, hanyoyin nono su matse. Idan ya yi ƙanƙanta, kan nono yana gogar gefe ya yi ciwo. Kuma ƙure ƙarfin injin ba ya ƙara nono. Ki ƙara har inda kika fara jin ba daɗi, sai ki rage mataki ɗaya.

Idan injin lafiya yake, ki ƙirga da gaskiya sau nawa nono ke fita daga jikinki a awa 24, shayarwa da tatsa duka. Aikin banki yana cinye lokaci, yau a tsallake tatsar rana, gobe a jinkirta, ga yaro ya fara dogon barci da dare. Idan lissafin ya faɗo ƙasa da sau 7 ko 8 ga jaririn da bai kai wata shida ba, a nan matsalar take. Ki tatsa duk bayan awa 3, minti 15 zuwa 20, nono biyu a lokaci ɗaya idan injin yana yi. Ki riƙa matsa nonon da hannu yayin da injin ke ja, idan ya tsaya ki ƙarasa da hannu. Dakta Jane Morton ta Jami'ar Stanford a Amurka ta nuna a binciken da ta yi da iyayen bakwaini cewa haɗa hannu da inji yana ƙara abin da ake samu sosai. Na kwana uku zuwa biyar, ki ware awa ɗaya da dare: tatsa minti 20, hutu 10, tatsa 10, hutu 10, tatsa 10. Ƙarin ba ya bayyana a ranar, sai bayan 'yan kwanaki.

Ki kuma duba ko kin fara maganin tazarar haihuwa. Ƙwayar da ke ɗauke da sinadarin istirojin tana iya rage nono, akwai wasu hanyoyin da ba sa taɓa shi, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya cewa kina shayarwa. Kada kuma ki bar tazarar gaba ɗaya da tunanin shayarwa za ta tsare ki, domin kariyarta tana raguwa idan uwa tana yin awanni ba tare da jariri ya tsotsa ba. Sabon ciki ma yana rage nono, idan da shakka ki yi gwaji.

Game da hulba da zogale da kunun gyaɗa, abinci ne, ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa duk sanda kika ji ƙishi, amma babu wanda zai yi aikin cire nono. Kunun kanwa kuwa muna roƙonki ki bar shi. Kanwa gishiri ce mai nauyi, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Wanke sassan: bayan kowace tatsa, a roba ta musamman da ba a wanke komai a ciki, da ruwan zafi da sabulu, a bar su su bushe da kansu a kan tsumma mai tsabta. Idan jariri bai kai wata biyu ba, ko bakwaini ne, ko ba shi da lafiya, a tafasa su minti 5 sau ɗaya a rana.

TAMBAYA: Matata nas ce, mahaifiyata ke riƙe mana jaririyar idan ta fita. Hajiya ta ce nonon da ya wuni a jiki cikin rana ya yi tsami, sai an tatse an zubar kafin a ba yarinya. Ta kuma ce na kwalbar ya tsinke don ya rabu biyu, kuma zalunci ne a hana jaririya ruwa a wannan zafi. Ba na son in saɓa mata. Daga wani magidanci a Katsina.

AMSA: Malam, Allah ya saka wa Hajiya da alheri, riƙon jariri ba ƙaramin aiki ba ne, kuma tausayi ne ya sa ta faɗi duk abin da ta faɗa. Ga yadda abin yake.

Nono ba ya lalacewa a jikin uwa, ko ta wuni a rana, ko ta kwana biyu ba ta shayar ba. Maiɗakinka ta wanke hannu ta ba yarinya da zarar ta shigo. Idan ya cika ya yi tauri har jaririyar ta kasa kamawa, ta ɗan tatse kaɗan ya yi laushi, wanda aka tatse ɗin ma a ajiye mata.

Rabuwar da Hajiya ta gani maiƙo ne ya taso sama, kamar yadda yake tasowa a nonon shanu idan ya kwana a ƙwarya. A juya kwalbar a hankali zai haɗe. Na ƙasan yakan yi ruwa-ruwa, har da ɗan shuɗi, haka yake. Wani nonon idan ya kwana yakan yi ƙanshin sabulu, wannan ma ba lalacewa ba ne. Wanda ya lalace yana warin tsami sosai, kuma ko an juya ba ya haɗewa, sai gudaji.

Ruwa kuwa, kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ya ishi jariri har a ƙasashe masu zafi irin namu. Cikinta ƙarami ne, duk ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, ga haɗarin gudawa. Idan zafi ya yi yawa a ƙara mata nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu ko fiye, shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. Zuma kuma kada a lasa mata sai ta cika shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.

Hanyar da ta fi kwantar da hankalin kaka ita ce ta gani da idonta. Ku roƙe ta ta riƙa ƙirga fitsari: sau shida ko fiye a dare da yini, mai haske ba ja ba, alama ce ruwa ya wadata. Ranar awo kuma ku tafi tare da ita, ta ga nauyin jikarta a kati, ta ji bayanin daga bakin ungozoma, ba daga bakin suruka ba.

TAMBAYA: 'Yata ta ƙi fida sam, saura kwana goma in koma aiki.

AMSA: Ki gwada kofi, 'yar'uwa, dama shi muka fi so, ya fi fida sauƙin wankewa. Ƙaramin kofi mai santsin baki, a zuba rabi. A zaunar da ita a cinya a ɗan kishingiɗe, a tallafe wuya, a ɗora bakin kofin a kan leɓenta na ƙasa, a karkata har nono ya taɓa leɓe, a tsaya. Ita za ta lasa ta kurɓa da kanta. Ba a ɗura mata, ɗura ke sa shaƙewa. Wani ne zai ba ta, ke ki bar ɗakin, domin tana jin ƙanshinki ba za ta yarda da kofi ba. A gwada lokacin da ta fara neman abinci, ba sai ta gigice da kuka ba. Idan fidar kike so, a nemi robar da ƙofarta ƙarama ce, a riƙe fidar a kwance, a riƙa tsayawa tana hutawa, shan ya ɗauki minti 10 zuwa 15. Wasu jariran suna shan kaɗan da rana su rama da dare. Idan fitsari da nauyi suna daidai, ba matsala ba ce.

TAMBAYA: Shugabana a wurin aiki ya ce babu lokacin tatsa a tsarinsu. Ina da wani haƙƙi a doka? Daga wata ma'aikaciyar kamfani.

AMSA: Kina da shi. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya hutunsu bai gaza mako 16 ba, jihohi irin su Kaduna da Legas sun kai na ma'aikatansu wata shida, a Jamhuriyar Nijar kuma mako 14 ne. Ki duba takardar ɗaukarki aiki da kundin ƙa'idojin kamfanin, sannan ki rubuta buƙatarki a takarda cikin ladabi: lokuta biyu da kika zaɓa, minti 30 kowanne, da ɗaki mai ƙofa da kujera. Ki kawo shawarar wurin da kanki, ko ɗakin ajiya ne ko sashen mata na masallacin ma'aikata. Banɗaki ba wurin tatsa ba ne. Idan akwai wasu masu goyo, ku nema tare, idan kuma akwai ƙungiyar ma'aikata ku sanar da ita.

TAMBAYA: Jiya aiki ya hana ni tatsa tun safe har yamma. Yau gefe ɗaya ya yi dutse, yana zafi, ina jin sanyi-sanyi. In daina ba shi wannan gefen?

AMSA: Kada ki daina. Nonon ba zai cutar da shi ba, kuma barinsa a cike shi ke ƙara kumburin. Ki ci gaba da shayarwa kamar yadda kika saba, amma kada ki yi ta tatsa babu ƙaƙƙautawa don ki ga ya ƙare, hakan yana ƙara samarwa ne. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 10 zuwa 15 bayan kowace shayarwa. Kada ki bari a murje miki wurin da ƙarfi ko a gasa shi da ruwan zafi, cikinsa a kumbure yake, murza tana ƙara rauni. Shafa mai sauƙi daga nono zuwa hammata ta isa. Farasitamol da ibufurofen ba sa hana shayarwa, sai dai mai gyambon ciki ta guji na biyun. Ki sassauta rigar nono, ki kwanta ki huta.

A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka ki lura da zafin wurin da ciwonsa. Idan awa 24 ta wuce babu sauƙi, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 da rabi, ko jikinki ya mutu, ki je asibiti a ranar, wataƙila sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. Idan wurin ya tattaru ya yi laushi kamar maruru, likita ne zai cire ruwan, kada a kai wa wanzami.

TAMBAYA: Mu uku ne masu goyo a ofishinmu, firji ɗaya muke sakawa. Idan kwalabe suka cakuɗe fa?

AMSA: Ku hana hakan tun kafin ya faru. Kowacce ta rubuta sunanta da rana a jikin kwalba, ba a murfi kaɗai ba, ta kuma sa nata a jaka ko roba mai launi daban. Dalili biyu ne. Wasu cututtuka, irin su ƙanjamau, suna iya bi ta nono, ko da yake haɗarin sha ɗaya kaɗan ne. Sannan a mazhabar Malikiyya, nonon mace idan ya isa cikin yaron da ke cikin shekarun shayarwa, ko sau ɗaya ne, ko da kofi aka ba shi, yana ƙulla 'yan'uwantakar shayarwa da ke haramta aure. Idan kuskuren ya riga ya faru, ku sanar da iyayen duka biyu, ku je wa likita da bayanin lafiyar mai nonon, ku tambayi malami hukuncin, ku kuma rubuta ranar da sunayen yaran ku adana.